Gurbin Auta

Duk shekara, idan ranar buɗe ƙofa ta kwaleji ta gabato, Yaya a ɗakin Inna, mahaifiyarsu, yake bitar jawabinsa. Ba don ɗakin ya fi ko'ina daɗi ba, don warin magani da na man zafi sun riga sun kama labulen. Dalilin dai shi ne nan kaɗai yake da mai sauraron da ba za ta tashi ta bar shi ba. Matarsa, da zarar ta ji ya gyara murya, sai ta tuna ta bar wani abu a kan wuta. Auta kuwa, ƙanwarsa ta ƙarshe, ba ta da inda za ta. Wannan ce shekara ta uku da ɓarin jikin Inna ya shanye, kuma tun ranar Auta take cikin ɗakin nan.

"Jama'a, barkanku da zuwa kwalejinku," in ji Yaya daga bakin ƙofa, da takarda a hannu. A ofishin ɗaukar ɗalibai yake aiki, a kwalejin gwamnati da ke bayan tashar mota, kuma saboda ƙarfin muryarsa ɗalibai suka laƙaba masa Lasifika. "Na ce kwalejinku domin ta kowa ce. Ba ma tambayar ɗan wane ne kai, ba ma tambayar shekarunka. Muna da karatun shekara biyu: lantarki da wutar sola, gyaran mota, kwamfuta, da aikin ɗakin gwaji na asibiti. Muna da na wata tara: ɗinki, da kula da tsofaffi a gida. Ma'aikata kuma akwai ajin yamma..."

"Ka tsallake aikin famfo," in ji Auta.

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ɗora gwiwa ɗaya a bakin gado, ta cusa hannu ƙarƙashin kafaɗar Inna, ta juya ta ɓangaren hagu, ta sa mata matashi tsakanin ƙafafu. Haka likita ya ce a riƙa yi duk bayan awa biyu, don kada bayanta ya yi gyambo.

"Ke fa kin fi ni haddace abin nan," Yaya ya ce yana dariya. Ya ƙara famfo da biro, ya ci gaba. Ya yi bayanin yadda wanda ya gama da sakamako mai kyau zai iya wucewa jami'a, ya yi bayanin ɗakin karatu da wurin koyon aiki, ya rufe da cewa ƙofarsu a buɗe take.

"Ka kuma tsallake maganar saƙon waya."

"Wane saƙo?"

"Inda kake cewa duk abin da ya shafi takardar mutum, kwaleji za ta turo masa saƙo nan take."

"Af, haka ne. Allah ya yi miki albarka, Auta."

"Amin," ta ce, ta ɗauki kwanon wanki ta fita.

Albarkar nan ba ta yi masa daɗin faɗa ba, domin ya san abin da ke cikin durowar ƙasa ta teburinsa a ofis. Wani fayil ne mai ruwan ƙasa, da hoton Auta a manne a gabansa. Wata biyu kafin Inna ta faɗi, Auta ta nemi gurbi a sashen lantarki da wutar sola, ta zauna jarrabawar shiga, ta zo ta ɗaya a cikin mutum ɗari da wani abu. Ba abin mamaki ba ne. Yarinyar da tun tana ƙarama take kwance rediyon gida ta mayar, wadda maƙwabta ke kawo wa dutsen guga da fanka idan sun tsaya. Takardar karɓarta ta iso teburin Yaya a satin da aka sallamo Inna daga asibiti.

Karatun nan na safe ne, daga takwas zuwa biyu, ba shi da ajin yamma, saboda rabinsa a kan rufin gini ake yi, da rana. Yaya ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya zaro fom ɗin ɗage karatu, ya cika shi da kansa. Sa hannun Auta bai ba shi wahala ba. A bangon ɗakin Inna akwai takardar lokutan magani, inda take sa hannu sau huɗu a rana, sai ya ɗauki hotonta da waya ya kwaikwaya. Da ya dawo gida ya ce mata, "Bana sunanki bai fito ba. Mutane sun yi yawa. Amma takardarki na nan, sai baɗi."

Ta dube shi kaɗan. "To, Yaya."

Ya ce wa kansa shekara ɗaya ce, kafin nan Inna ta miƙe. Inna ba ta miƙe ba. Da shekara ta zagayo ya sake zaro fom ɗin, kuma a karo na biyu ko duba hoton bai yi ba, hannunsa ya riga ya saba.

Hujja kam ba a rasa ta a gidan ba. Matarsa malamar makaranta ce, tana fita da safe, tana dawowa da ciwon kai. "Ni fa ba ƙi na yi ba," takan ce, "bayana ne ba ya son ɗaga nauyi. Kuma ai Inna ta fi sakin jiki da 'yar cikinta." Ɗayar ƙanwarsa, mai aure a wani gari, duk ranar Lahadi take bugo waya, ta yi kuka, ta yi addu'a. "Wallahi Auta, Allah ne kaɗai zai biya ki. Ladan da kike samu, mu ko kusa." Lada dai sun tara mata shi da baki har ya yi mata yawa, amma ba a taɓa samun wanda ya ce ta sam masa ko na yini ɗaya ba. Shi Yaya hujjarsa ta fi ta kowa tsafta: shi namiji ne, shi ke fita nema, kuma ai ba hana ta ya yi ba, ɗagewa kawai ya yi.

A farkon jinyar Auta tana da ƙarfinta. Inna ba ta iya magana sai wani gurnani, amma hannunta na dama yana motsi. Sai Auta ta samo batir da 'yar waya da madanni, ta haɗa mata ƙararrawa, ta ɗaure madannin a jikin gado, ta ja wayar ta bi bango har kicin. Ranar da ta fara ƙara, har Inna sai da ta yi murmushi da rabin bakinta. Baƙi na zuwa dubiya Yaya yana nuna musu, yana cewa, "Aikin Auta ne, kun ga kai!" Bai taɓa tsayawa ya lura ba cewa tun daga ranar, ko banɗaki ta shiga sai ƙarar ta bi ta.

A shekara ta biyu bayan Auta ya fara ciwo. Ta koma ɗaure ƙugu da tsohon zani kafin ta ɗaga Inna. Ruwan sabulu da maganin wanke zannuwa suka farfasa mata yatsu, har idan ta riƙe allura sai ta suɓuce. Maƙwabta suka gaji da jin "sai anjima", suka daina kawo gyara. Wata rana Yaya ya ga akwatin kayan aikinta, da filaya da sukundirebobi da testa, a shagon mai gyaran rediyo na bakin titi. Mutumin ya ce kyauta ta aiko masa da su. Yaya ya ce, "Allah sarki," ya ƙara sauri.

Sau ɗaya tak ta taɓa neman wani abu. Yana cikin bita ne, ya zo wurin da yake cewa ɗaliban kula da tsofaffi suna bukatar gidajen da za su koyi aiki, duk mai majinyaci ya rubuta sunan gidansa, za a riƙa turo masa ɗalibai biyu daga takwas zuwa biyu, ba tare da ya biya komai ba.

"Yaya," ta ce a hankali, "mu me ya sa ba ma rubutawa?"

Ya sauke takardar. "Uwarmu? A hannun bare, da ranmu da lafiyarmu? Kuma ɗalibaina! Su shigo su ga ɗakin uwata, gobe in tsaya gabansu suna ƙus-ƙus? Haba Auta, ki riƙa tunani mana."

"To, Yaya."

Daga nan ba ta sake ba. Ta rame, ta yi shiru, ta koma yin gyangyaɗi a tsaye idan tana jiran ruwa ya tafasa. Wata safiya ta zame da kwanon ruwa a tsakar gida, ta ɗauki kusan minti goma ba ta iya tashi ba, ƙararrawa kuma tana ta ƙara daga ɗaki. Inna ta ji faɗuwar. Tun daga ranar tsohuwar ta rage taɓa madannin, don tausayi. Sai ta riƙa danne bukatarta har ta jiƙa shimfiɗa, wankin Auta ya ninka.

Yaya yana ganin duk wannan. Kada wani ya ɗauka bai gani ba. Yana kuma jin ƙarar wankinta daga inda yake cin abinci. Sai ya sayo mata man shafawa mai tsada don hannunta, ya ajiye mata a bakin taga, ya ji kamar ya rage wani abu.

Ranar buɗe ƙofa ta bana, zauren kwaleji ya cika. Akwai 'yan mata da suka gama sakandare, da direbobi, da wani dattijo mai furfura da ya ce shi kwamfuta yake so. Lasifika ya yi jawabinsa ba tuntuɓe, bai tsallake famfo ba, bai tsallake saƙon waya ba. Da aka zo tambayoyi, wata mata daga baya ta ɗaga hannu.

"Malam, idan mutum ya samu gurbi, amma yana da majinyaci a gida fa?"

Amsar ta fito da kanta, sumul. "Hajiya, an yi tanadinku. Ana iya ɗage karatu sau biyu, ba a yi na uku. Amma ni shawarata, kada ki ɗage. Shekara ba ta dawowa. Ki rubuta sunan gidanki, ɗalibanmu su zo su kula da majinyacinki, ke kuma ki zo aji. Ranar Litinin ake rufe karɓar gidaje. Kada kunya ta sa ki kashe wa kanki gaba."

Aka tafa masa sosai. Shi kuwa ya rasa inda zai sa idonsa.

Ranar Litinin da safe ya ɗauki fom ɗin gidaje ya cika. Da gaske ya yi niyya. Yana kan hanyar kai shi sashen, a baranda, ya ji wasu ɗalibai biyu masu farar riga suna hira. Ɗayar tana cewa, "Ke, gidan da aka tura ni, tsohon nan kamar ba shi da 'ya'ya, kuma wai ɗansa babban ma'aikaci ne." Suka gan shi, suka gaishe shi da ladabi. Ya amsa, ya ninke fom ɗin gida huɗu, ya sa a aljihu, ya juya ofis. Ya ce bari dai ya ƙara tunani zuwa azahar. Aka tashi aiki fom ɗin yana aljihunsa.

Ranar Laraba shugabar ofis ta kira shi. Fayil mai ruwan ƙasa yana gabanta, domin tana tattara sunayen waɗanda gurbinsu zai faɗi.

"Malam, wannan yarinyar ba 'yar gidanku ba ce? Adireshinku ɗaya."

"Ƙanwata ce, ranki ya daɗe."

"Ita ce ta ɗaya a shekararsu! Malamin sola har yau yana tambayarta. Me ke damunta take ta ɗagewa?"

"Yaran yanzu ne, ranki ya daɗe. Yau suna so, gobe ba sa so."

"To ka ja mata kunne. Gobe Alhamis ƙarfe huɗu na'ura za ta rufe rajista, kuma ka san wannan karon sai ta zo da ƙafarta an ɗauki hotonta. In ba ta zo ba, gurbin ya tafi, akwai mutum arba'in a layi."

Ya fito yana jin ƙyamar bakinsa. Ya cuce ta, yanzu kuma ya ɗora mata laifin a gaban mutane.

Alhamis ya kasa taɓuka komai. Ƙarfe biyu da rabi ya ɗauki fayil ɗin, ya ce wa abokin aikinsa zai je ya dawo. Ya tarar da Auta zaune a ƙasa kusa da gadon Inna, tana ba ta shayi da cokali, tana goge mata gefen baki.

"Auta, tashi ki sa mayafi. Za mu je kwaleji. Sunanki ya fito."

Ta ɗebo wani cokalin, ta hura. "Yaushe ya fito?"

Ya buɗe baki zai ce yau, sai harshen ya ƙi. Ya durƙusa, abin da bai taɓa yi a gabanta ba. "Tun shekarar farko. Ni ne... ni na ɗage. Sau biyu. Na sa hannu a madadinki. Ki yafe mini, Auta."

Ta ajiye kofin, ta jawo wayarta daga ƙarƙashin matashi, ta lalubo, ta miƙa masa. Saƙo uku ne daga kwaleji. Na farko yana taya ta murnar samun gurbi. Na biyu, kwana uku bayansa, yana cewa an amince da bukatarta ta ɗage karatu. Na uku irinsa ne, bayan shekara guda. Lambarta ce a kan fom, kuma na'ura ba ta shawara da kowa kafin ta tura. Shekara nawa yana faɗar wannan a gaban jama'a, bai taɓa kawo wa ransa cewa ya shafi gidansa ba.

"Kin sani," ya ce. "Duk tsawon lokacin nan kin sani. Me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Duk shekara ina tuna maka maganar saƙon waya, Yaya. Cewa nake ko za ka gane, ka faɗa mini da bakinka."

Ya sunkuyar da kai. Inna tana kallonsu daga kan gado, idonta na yawo daga wannan zuwa wancan.

"Har yanzu da lokaci," ya ce da sauri. "Uku saura. Tashi mu je."

"Wa zai zauna da Inna?"

"Zan kira Antinki ta dawo daga makaranta da wuri."

"Ba yau nake tambaya ba. Litinin, ƙarfe takwas. Da Talata. Shekara biyu."

"Za mu san yadda za a yi."

"Tun da Inna ta kwanta ake sanin yadda za a yi. Ɗaliban kula da tsofaffi fa?"

Hannunsa ya kai aljihu, inda fom ɗin yake a ninke har yanzu. "An rufe ranar Litinin."

"Na sani. Yana cikin jawabin." Ta dubi fayil ɗin da ke hannunsa. "Da sa hannu kawai ake bukata, da na ce ka sa. Ka fi ni iya shi yanzu, dubi yatsuna." Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. "Ba zan je in yi rajista, Litinin in bar ta cikin jiƙaƙƙen zani ba. Suna ɗaya nake so, Yaya. Ka faɗa mini mutum ɗaya da zai tsaya a ɗakin nan da safe. Wallahi kana faɗa zan ɗauki mayafina."

Ya fita tsakar gida ya kira matarsa. Ta ce ita yanzu suna taron malamai, kuma ai ya san larurar bayanta, kada a ɗora mata abin da zai kwantar da ita a zama majinyata biyu. Ya kira ɗayar ƙanwar. Ta fashe da kuka, ta ce da tana kusa da ba a ma tambaye ta ba, amma yara, amma maigida, Allah dai ya saka wa Auta da gidan aljanna. Ya kashe wayar. Uku da rabi.

Saura suna ɗaya, kuma ya san shi: nasa ne. Yana da hutun wata biyu da bai ci ba. Ofishinsu yana da masu aikin yamma, kuma shugaba ba za ta hana shi canji ba idan ya roƙa. Ya koma ɗakin da maganar a bakinsa. Sai ya ga kwanon da ke ƙarƙashin gado, da tulin zannuwa a lungu. Ya hango kansa da hannun riga a naɗe, ya hango abokan aiki suna tambayar ina Lasifika ya shiga, ya hango wani yana hawa mumbarin zauren a madadinsa. Auta tana kallonsa. Mayafinta yana rataye a ƙusa, taku biyu daga inda take.

"Bari in sake gwada Antinki," ya ce.

Auta ta kawar da kai, ta dubi takardar bango. "Lokacin juyi ya yi. Tunda kana nan, kama mini."

Bai taɓa yi ba. Ya tsaya ta ɗaya gefen gadon, ya kama inda ya ga dama, ya ji nauyin uwarsa ya sauka a hannunsa, nauyin da yarinyar nan take ɗagawa ita kaɗai sau goma sha biyu a kwana. Suna cikin haka ƙarfe huɗu ta cika, wayar Auta ta yi ƙara a kan matashi.

Ba sai ya duba ba. Shi ya tsara kalmomin shekaru shida da suka wuce, ya san su kamar sunansa: ana baƙin cikin sanar da ita cewa gurbinta ya faɗi saboda rashin yin rajista. Da farko nan saƙon ya tsaya. Shi ne ya ce ya yi bushewa da yawa, ya ƙara layi ɗaya a ƙarshe, cewa kwaleji tana yi mata fatan alheri.

Auta ta miƙa hannu ɗaya ta karanta har ƙarshe, ta kife wayar. Hawaye yana bin gefen idon Inna yana shiga kunnenta, hannunta na dama yana kan madannin ƙararrawa, amma ba ta danna ba.

"Auta..." in ji Yaya.

"Ba nan ake riƙewa ba, za ka ji mata ciwo," ta ce. "Sake ta kawai, Yaya. Na saba."

Ya sake ta.